Kafin Ka Danna Jan Madanni

Ɗana,

Jiya da daddare, bayan mun tashi daga zaman zumunci, na ga faifan bidiyon da ka tura zauren iyali na WhatsApp, awa biyu da 'yan mintuna, tun daga addu'ar buɗewa har zuwa sallama. Na san don Allah ka yi. Akwai waɗanda aiki ya hana su shiga, ga mutanenmu na Kumasi da sabis ya yi ta yanke su, ka ga bai kamata a bar su a baya ba. Tun da 'yan'uwa suka ɗora maka aikin magatakarda ban ga inda ka yi sakaci ba, Allah Ya yi maka albarka. Sai dai akwai abin da ya hana ni barci a kan faifan nan, na kuma ga ya fi dacewa in rubuto maka kai kaɗai da in yi magana a gaban jama'a.

Ka tuna lokacin da gwaggonka ta Maraɗi ta karɓi magana. Ta faɗi halin da ɗanta ya shiga na bashi, ta faɗi ko nawa ne, ta faɗi wanda yake bin sa, har muryarta ta karye, ta yi shiru tana share hawaye da gefen mayafi. Mu 14 ne a zaman, daga waɗanda suka tashi gida ɗaya da ita sai manyan 'ya'yansu. Mu ta gaya wa. Zauren da ka tura faifan kuwa mutum 80 da wani abu ne a ciki, da surukai, da amaren da aka kawo bara, da yaran da ko sakandare ba su gama ba. Na san 'yar'uwata. Da an ce mata duk waɗannan za su ji, da ko abin zai kashe ta ba za ta buɗe baki ba.

Aikin da kake yi yau shi na yi shekara talatin da 'yan kai a aikin gwamnati, da biro da babban littafi, ina zaune a ƙarshen tebur. Wanda ya koya mini aikin, Allah Ya jiƙansa, bai fara da saurin rubutu ba. Abin da ya fara nuna mini shi ne lokacin da ake ɗaga biro. Shugaban taro yakan ɗaga hannu ya ce wannan kada a rubuta, sai in ajiye biron a kan littafi inda kowa zai gani, mutane su saki jiki su faɗi abin da ke ransu, in an gama a ce to, mu koma. Wani lokacin ma ba sai an faɗa ba. Mutum biyu za su yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, ɗaya ya furta kalmar da shi kansa zai yi da-na-saninta kafin la'asar, ni kuwa abin da zan rubuta layi ɗaya ne: an tattauna batun, an tsayar da kaza. A zama na gaba a karanta abin da na rubuta, wanda aka yi wa kuskure ya ce a gyara, wani ya kawo shawarar a amince, wani ya goya masa baya, shugaba ya sa hannu. Ka ga ke nan rubutun bai zama hujja a kan kowa ba sai da masu maganar suka ji shi da kunnensu suka yarda.

Na'ura ba ta san ɗaga biro ba. Tana ɗaukar tari da hamma da ɓacin rai da kukan jariri da abin da ke rataye a bangon ɗakin mutum, ba ta bambanta mai nauyi da marar nauyi. Kunyar da magatakarda yake ji a madadin jama'a yanzu ta koma kan yatsan wanda yake riƙe da madannin, wato kai.

Tun muna makarantar zaure malamanmu suke nanata mana cewa majalisa amana ce. Akwai hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda malamai suke fassara mana da cewa in mutum yana yi maka magana sai ka ga ya waiwaya, waiwayen nan kaɗai ya ɗora maka riƙon maganar, ko bai ce ka riƙe ba. Na daɗe ina jinjina wannan. Mai waiwaye dubawa yake yi ko akwai kunnen da bai gayyata ba. A zauren gida kana ganin wanda ke zaune, kafin ma ka shiga takalman da ke bakin ƙofa sun gaya maka su wa ke ciki, baƙo kuma ba ya faɗowa sai da sallama. To a taron bidiyo ina mutum zai waiwaya? Ƙananan tagogi kawai yake gani a fuskar waya. Bai san wanda ke zaune a gefen kowace taga ba, bai san wanda zai kalla gobe ba, balle wanda zai kalla bayan shekara biyar. Tunda an raba shi da waiwayensa, wanda ya tara mutanen shi ya kamata ya waiwaya a madadinsu.

Ban ɗora muku laifin ku kaɗai ba, abin nan da gudu ya shigo mana. A Disamban 2019 masu shiga taro ta manhajar Zoom a rana kamar miliyan 10 ne, zuwa Afrilun 2020 kamfanin ya ce sun kai miliyan 300. A watan ne korona ta sa aka kulle Kano, azumi ya zo mana masallatai a rufe, tafsiri ya koma rediyo da talabijin da waya. A watan Mayu Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo, a cikin watan kuma wata babbar kotu a Legas ta yanke wa wani mutum hukuncin kisa ta Zoom. Hanyar da aka yanke hukunci a kan ran ɗan Adam ta cikinta ai ta wuce wasan yara. Cikin 'yan makonni muka koyi shiga da fita da kashe makirufo, amma ladubban zaman ba wanda ya tsaya ya tsara mana su, kowa da abin da ya ga dama yake yi har yau.

Kada ka ɗauka ƙin naɗar taro nake yi. Ni da na tashi a zamanin kaset na san darajar muryar da aka adana. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya rasu a 1992, amma har gobe ana jin tafsirin da ya yi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna. Haka karatun Sheikh Nasiru Kabara da ya rasu a 1996, da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da aka kashe a 2007, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Ba don wasu bayin Allah sun kafa na'ura sun naɗa ba, da yaran da aka haifa bayansu ba su san muryarsu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, can wajen ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma ka lura da abu ɗaya. Malamin da ya hau kujerar tafsiri ya san da duniya yake magana, makirufo yana gabansa, ya kwana yana shiri. Mai bin bashi da wanda ake bi su duka sun san ana rubutawa, wanda ake bin ma shi aka ce ya yi shiftar da bakinsa. Gwaggonka ba kujerar tafsiri ta hau ba, kuka ta kawo wa 'yan'uwanta.

Saboda haka ba kowane zama ake naɗa ba. Karatu da lacca da koyar da sana'a, ko bayanin yadda yara za su cike takardar neman makaranta, a naɗa a raba, lada ne. Rabon gado ko yarjejeniyar kuɗi, a naɗa in kowa ya yarda, a ajiye a hannun amintattu biyu. Amma zaman sulhu, da maganar rashin lafiya, da binciken neman aure, da matsalar ma'aurata, ni a ganina kada ma a kunna.

Neman izini kuma ba a bar wa na'ura shi. Gaskiya ne Zoom takan yi sanarwa da murya in an fara naɗa, Google Meet da Teams ma sukan nuna alama a allo. Amma da Turanci muryar take magana, kuma rabin dattawan da ke zamanmu jikoki ne suke saita musu waya su miƙa musu. Abin da ke fitowa a allon kuwa zaɓi biyu ne, ko ka amince ko ka fita. Wace tsohuwa ce za ta fita daga taron danginta saboda rubutun da ba ta iya karantawa ba? Shirunta bai zama yarda ba. Ka buɗe baki ka faɗa da Hausa bayan an shafa addu'a: jama'a, ina so in naɗi zaman nan saboda wane da wane da ba su samu shiga ba, su kaɗai zan ba, bayan mako biyu zan goge, akwai wanda bai yarda ba? Sannan ka yi shiru na ɗan lokaci, shiru na gaske, domin mai kunya ba ya amsawa da wuri. In mutum ɗaya ya ce bai so, a bari, kada a tsare shi da tambayar dalili. Wanda ya shigo a makare ka maimaita masa. In kuma magana ta juya ta shiga inda ba a zata ba, kamar yadda ta juya jiya, akwai madannin dakatarwa kusa da na tsayarwa. Ka danna shi, ka ce Gwaggo na dakatar da naɗa, ci gaba. Ɗaga biron zamaninku ke nan.

Ka kuma tuna cewa taron bidiyo cikin ɗakunan mutane yake shiga. Al'adarmu ta tsayar da baƙo namiji a zaure, waya kuwa har uwarɗaka take kai shi. Mace tana gidanta, ta san da 'yan'uwanta take magana, ta ɗaura ɗankwali kawai, ko tana shayar da jariri, ko wata ta gifta ta bayanta ba mayafi, ba ta ma san ana taro ba. Wani kuma ɗakinsa ne zai tona rashin da ya shekara yana rufewa da wankakkiyar riga. Duk wannan yana shiga faifan, kuma ba a kansa aka kira taron ba. Ka riƙa gaya wa mutane tun farko cewa wanda ya so ya kashe kyamararsa ya yi magana da murya kawai, ba wanda zai ga laifinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne naɗar ɓoye. Yawancin wayoyin yanzu suna iya ɗaukar abin da ke gudana a fuskarsu, ba sanarwa, ba jan ɗigon da zai bayyana a wajen kowa. Wanda tasa ba ta yi, sai ya kafa wata wayar a gefe. WhatsApp ba ta sa madannin naɗar kira ba, tana kuma kulle kiran ta yadda na tsakiya ba zai ji ba, amma kullen nan bai hana wanda ke cikin kiran cin amana ba. Wannan da laɓewa a bayan ƙyaure duk ɗaya ne a wurina. Na san akwai wanda ake zalunta ko ake yi wa barazana, ba shi da wata shaida sai wannan. Ba da shi nake ba, kuma shi ma gaban hukuma ko alƙali zai kai, ba zauren abokai ba. Da wanda yake yi wa ɗan'uwansa murmushi a allo, yatsansa yana tara abin da zai kama shi da shi gobe, da shi nake.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane, aka kafa hukumar da ke kula da ita, kuma hoton mutum da muryarsa da za a iya gane shi da su suna cikin bayanansa. Nijar da Ghana, inda 'yan'uwanmu suke, kowace tana da tata dokar da tata hukumar. A wurin aikinka ka tambayi ƙa'idar ma'aikatarku kafin ka naɗi taron ofis, kada ka jawo wa kanka da su magana. A cikin dangi kuwa ba na so mu kai inda sai an ambaci doka.

Sai kuma inda faifan yake kwana. A da kaset ɗaya ne, yana cikin akwatina, makullin yana aljihuna. Yanzu in ka naɗa da Zoom, ko dai ya sauka a kwamfutarka, ko ya tafi rumbun kamfanin a intanet in kuna biyan kuɗi, na Google Meet kuma yakan tafi Drive na wanda ya kira taron. Daga nan sai a ba ka mahaɗi, wannan dogon shuɗin rubutun da ake dannawa. Mahaɗin nan makulli ne mai haihuwa, duk wanda ka ba zai iya ba wani ba tare da nasa ya bar hannunsa ba. A Afrilun 2020 jaridar Washington Post ta Amurka ta ba da labarin dubban faya-fayan tarurrukan Zoom da aka samu a buɗe a intanet, har da zaman marasa lafiya da masu ba su shawara, har da azuzuwan ƙananan yara. Ba wanda ya fasa rumbu. Masu tarurrukan ne suka kwashi faya-fayan suka zuba a ma'ajiyar da ba kulle, kuma da yake suna iri ɗaya manhajar take raɗa wa kowane faifai, mai nema ya rubuta sunan kawai sai su yi ta fitowa. Don haka in za ka ba mutum, ka sa kalmar sirri, ka taƙaita shi ga waɗanda aka ambata a zaman, in da hali ka hana saukewa, ka kuma sa ranar da mahaɗin zai daina aiki. Wayarka ma kada ka ɗauke ta akwati. Yara suna wasa da ita, takan kwana a wajen mai gyara, wata rana ka sayar da ita ko a ƙwace.

Akwai wasu ƙananan ƙofofi da ba kowa ke lura da su ba. Rubutun da ake yi a gefe lokacin taro yana da nasa fayil, kuma in kai ka adana shi, saƙon da wani ya aiko maka kai kaɗai yana iya kasancewa a ciki, don haka ka karanta kafin ka tura. Ga kuma sababbin magatakardan nan na ƙirƙirarriyar basira, masu shiga taro da suna kamar mutum, su rubuta duk abin da aka faɗa, su aika wa jama'a ta imel da an tashi. Su ba su san an yi sallama ba. In mutum uku suka tsaya bayan taro suna 'yar maganarsu, ita ma tana iya shiga. Hausarmu kuma ba su gama iya ta ba, sai su sa wa mutum abin da bai faɗa ba a baki. In ka ga baƙon suna a jerin mahalarta, ka tambayi na wane ne kafin a fara. Na kuma ga kuna son ɗaukar hoton allo ku sa a sitatus, ga fuskoki ga sunaye, wani lokaci har da lambar shiga taron. A Nuwamban 2020 wani ɗan jaridar ƙasar Holan ya faɗa tsakiyar taron sirri na ministocin tsaron Tarayyar Turai, don kawai an wallafa hoton ministar ƙasarsa a Twitter, mafi yawan lambobin shiga suna bayyane a jikinsa. A farkon Maris 2024 kuma kafar yaɗa labaran Rasha ta saki hirar minti 38 ta manyan hafsoshin sojin saman Jamus, har da shugabansu, suna tattauna makamai masu linzami samfurin Taurus da yaƙin Ukraine ta manhajar Webex. Ministan tsaron Jamus ya ce ɗaya daga cikinsu ne ya shiga taron daga otal a Singapore ta layin da ba shi da tsaro. Waɗannan mutane ne da tsare sirri shi ne sana'arsu. In gemunsu ya kama da wuta, mu sai mu shafa wa namu ruwa.

Duk wannan bai kai yankan magana ciwo ba. Faifan awa biyu ba kowa ke zama ya kalle shi ba. Abin da ke yawo shi ne daƙiƙa talatin da wani ya yanko daga tsakiya. Kai shaida ne a kan yadda ake yi wa malamai: malami ya kawo maganar wasu don ya warware ta, sai a yanke daidai inda ya gama kawo ta, a jefar da warwarar, a ce ku ji abin da ya faɗa. Mu dawo gida. Jiya baffanka na Kaduna, cikin ɓacin rai, ya ce in haka ne gara a sayar da gonar kowa ya huta. Bayan minti goma, da aka yi masa bayani, ya ce ya janye, a bar wa marayu su ci gaba da nomawa, har ya yi alƙawarin buhun taki. Duk wanda ya yanko maganarsa ta farko ya tura wa marayun nan ya ƙulla gabar da za ta ci shekaru, alhali bai ƙara ko harafi ɗaya a maganar ba. A da mai annamimanci da bakinsa yake ɗaukar magana, sai a ce ƙila ƙari ya yi, bari a ji daga tushe. Yanzu da muryar mutum da fuskarsa yake zuwa, gani kuma ya kori ji, wa zai tsaya bincike? Ban ce a zaurenmu akwai mai wannan hali ba. Amma faifan da ya shiga waya 80 ya fita daga hannunka, kuma kowace waya a cikinsu tana da nata zaurukan.

An ma wuce yanka, an kai ga ƙira. A farkon 2024 'yan sandan Hong Kong suka bayyana yadda aka yaudari ma'aikacin wani kamfani ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kusan dalar Amurka miliyan 25, bayan wani taron bidiyo da ya ga shugaban sashen kuɗin kamfanin da wasu abokan aikinsa. Ashe dukkansu na bogi ne, daga bidiyoyin mutanen na gaskiya aka ƙera su. Mu da muka saba da saƙon 'yan damfara na a turo kuɗi wane yana asibiti, ka yi tunanin ranar da saƙon zai zo wa ƙannenka da muryata. Faifan jiya yana ɗauke da muryar kowane dattijo a gidanmu, da fuskarsa, da sunayen 'ya'yansa, da garin da kowa yake zaune.

Akwai kuma abin da sai shekaru sun ja mutum yake gane shi. Zumunci da mantuwa yake rayuwa. Na halarci zaman sulhu da ban san adadinsu ba, a gidanmu da gidajen maƙwabta. Ana faɗar maganganu masu zafi, dole ne ma a faɗe su, ƙurji ba ya warkewa sai an matse shi. In an gama a yi addu'a, a ce komai ya wuce, a sa hannu a kwano ɗaya. Bayan shekara biyu ka tambayi waɗanda suka yi faɗan, ba wanda zai iya kawo maka kalmomin daidai yadda aka faɗe su. Kaifinsu ya dakushe, abin da ya rage a zuciya shi ne an taɓa saɓawa an kuma shirya. Wannan rahama ce Allah Ya yi wa ɗan Adam, ba don ita ba da wa da ƙani ba su sake haɗa sahu a masallaci ɗaya ba. Faifai kuwa ba ya dakushewa. Ranar da rai ya sake ɓaci sai mutum ya lalubo shi ya kunna, ya ji kalmar nan sabuwa fil da zafinta kamar yanzu aka faɗa, ya kunna wa matarsa, ya kunna wa 'ya'yan da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Wanda ya faɗi kalmar ya tuba, ya nemi gafara, ƙila ma ya riga mu gidan gaskiya, amma ga shi nan a allo yana ta maimaita ta. Tun asali magana zarar bunu ce, sai dai a da bunun da aka zare iska ke tafiya da shi, yanzu kuwa a aljihu ake ajiye shi.

Shi ya sa nake so duk abin da ka naɗa ka yanka masa ranar gogewa tun ranar da ka naɗe shi, ka kuma cika. Ka saurare shi kai kaɗai, ka fitar da abin da aka tsayar a shafi ɗaya: wa zai yi me, zuwa yaushe, nawa kowane gida zai bayar. Wannan shafin shi za a tura zaure, shi kuma za a karanta a zama na gaba a gyara. Ya ma fi wa 'yan'uwa sauƙi, domin bidiyon awa biyu ɗaruruwan megabait yake ci, mai sayen data kaɗan-kaɗan ba zai iya sauke shi ba. In karatu ne ko lacca da ake so a ji da kunne, Zoom tana fitar da fayil na murya zalla tare da bidiyon, shi ya fi sauƙin turawa kuma ba ya nuna ɗakin kowa.

Kai ma in kana taron wasu, ka auna maganarka kamar ana naɗa ko ba a faɗa ba, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaya ko ana naɗa da wanda zai gani. In an turo maka yankin taron da ba ka halarta ba, ya tsaya a kanka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ga abin da nake so ka yi yau, kafin azahar in da hali. WhatsApp tana ba da kamar kwana biyu a goge saƙo ga kowa, lokaci bai ƙure ba, ka goge faifan daga zaure. Waɗanda suka riga suka adana shi yana iya kasancewa a wayoyinsu, don haka ka rubuta gajeren saƙo, ba sunan kowa ba dogon bayani, ka ce kuskure ne tura cikakken faifan, ana roƙon duk wanda yake da shi ya goge, taƙaitaccen bayanin zaman yana tafe. Manyan zan bi su da kaina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka kira gwaggonka, ka ji muryarta ta ji taka, kada ka tura saƙo. Ka gaishe ta, ka gaya mata abin da ya faru da bakinka kafin ta ji a wani wuri, ka ba ta haƙuri. Na san za ta ce ba komai ɗana, ƙila ma ta sa maka albarka, amma in ta fara faɗa ka bar ta ta kai ƙarshe, kada ka katse ta. Batun bashin ɗan gwaggonka kuma mu kaɗan za mu zauna a kansa ranar Alhamis bayan isha'i. Kai za ka haɗa mu, ka zo da biro da takarda.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da mai ɗakinka, ka shafa kan yara.

Baffanka.